Ɗaya na Hazo, Ɗaya na Haihuwa: Ban Kwana da Kwamanda Trevaskis

Da safiyar Talata, goma sha huɗu ga Oktoba, Allah ya karɓi ran Kwamanda Denzil Trevaskis a gidansa da ke Helston, yana da shekara saba'in da ɗaya. Ranar hazon teku ya rufe gari ruf, irin ranar da yakan ce ko tsuntsu da ƙafa yake zuwa aiki.

Yallaɓai, shekara goma sha tara ke nan da aka kawo ni ofishinka a sansanin jiragen sama na sojan ruwa. Aikinmu shi ne mu faɗa wa hedikwata malamai nawa ake bukata don koyar da tuƙin helikwafta a shekara mai zuwa. Lissafin a takarda ba wuya: a tara awannin da ɗalibai za su yi a sama, a raba da awannin da malami ɗaya zai iya tashi. Na yi, ya ba ni sha huɗu. Ka karɓa, ka soke, ka rubuta sha shida.

Na tambaye ka daga ina biyun suka fito. Ka ce, "Ɗaya na hazo, ɗaya na haihuwa."

Ni kuwa an tashe ni a gidan da ake ɗaukar ƙarin gishiri a zance zunubi. Na ƙi sa hannu. Na ce zan rubuta wa hedikwata cewa kana kumbura lamba. Na san takardar za ta ɓata sunan da ka yi shekara talatin kana ginawa, kuma ba zan ɓoye ba, har da daɗin hakan na ji a raina, domin ina son a gan ni mai gaskiya.

Ba ka yi fushi ba. Ka tura mini kofin shayi ka ce, "To, Uwar Gaskiya, ba ni mako shida. Je ki ɗakin malamai da littafinki, ki rubuta duk abin da ya hana mutum tashi. In kin dawo da sha huɗu, ni zan manna miki kan sarki."

Na je na zauna a lungu. Na ga awa ɗaya a sama tana cin awa uku a ƙasa, tsakanin bayani kafin tashi da gyaran kurakurai bayan sauka. Na ga mura tana ajiye ƙato mako guda, don ba a tashi da toshasshen kunne. Na ga su ma malaman ana ɗauke su a sake jarraba su. Kwana tara hazo ya hana kowa motsi. Sannan matar Laftanar Bolitho, ɗaya daga cikin malaman, ta haifi tagwaye, ya dawo aiki yana gyangyaɗi a tsaye, abokansa na tsokanarsa: "Baban biyu, yau kai za ka koya wa ɗalibin, ko shi zai riƙa tashinka?" Aka sallame shi gida, ɗalibansa uku suka zauna jira.

Na sake lissafi sau uku, ina fatan ya ba ni gaskiya. Sha bakwai ya ba ni.

Da na ajiye maka, ka yi dariya har da hawaye. Ka ce, "Kin kama ni, Loveday! Shekara tara ina ƙarya, ashe ta ragi nake yi!" Muka sa hannu a kan sha bakwai. Hedikwata ta ba mu sha shida, ka ce su ma suna da nasu hazon.

Ka sayi burodi mai zaƙi ka raba wa ofis. Ba ka ƙara ambatar takardar da na yi niyyar rubutawa ba, ni kuma ban taɓa ba ka haƙuri ba. Na riƙa ce wa kaina sa hannun ya isa. Bai isa ba.

Ranar jana'izarka, matarka Jenifer ta ce in shirya kujerun shan shayi a zauren coci. Sunaye tamanin ta ba ni, na jera tamanin da uku, kamar yadda ka koya mini. Biyu, tagwayen Bolitho ne suka zauna a kai, sun zama dogaye, ba wanda ya sa ran zuwansu. Ta uku tawa ce, domin na manta ban ƙirga kaina ba. Na zauna a kanta ina dariya a cikin mayafi, kuma a nan na ce maka abin da na riƙe shekara goma sha tara: ka yafe mini, Yallaɓai. Na ɗauka gaskiya a lamba take, kai kuwa mutanen da ke bayan lambar kake ƙirgawa.

Allah ya ji ƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutu a wurin da hazo ba ya rufe hanya. Ga Jenifer, da 'ya'yanka Kerensa da Jago, da duk matuƙan da suka koyi tashi a hannun malami mai isasshen barci, Allah ya ba ku haƙuri, ya sanyaya zukatanku. Amin.

Loveday Hocking