Gunvor da Ɓeran da Ba Shi da Ido

Bakwai saura kwata Gunvor Hedqvist take jingine kekenta a ƙofar ɗakin bincike, ko da ƙanƙara ta kai gwiwa. Ta ɗora kofi. Ta sa farar riga. Sai ta zauna gaban injin yanka tana yanka idon tayin ɓera sala-sala, siraran da numfashi ma kan ɗauke su. Shekara talatin da takwas ke nan. Juma'ar nan za ta ajiye aiki.

Yabo ba ɗabi'ata ba ce. Wannan dai ya zama dole.

Aikin sashenmu a jami'a shi ne gano yadda wata ƙwayar gado take gina ido tun daga ciki. Ba a ganin aikinta sai an ɗiga wani ruwan garkuwar jiki da ake tacewa daga jinin zomo. Inda take aiki, nan ruwan zai manne, ya haska kore a madubin bincike. Amma ruwan kan shara ƙarya, ya manne inda bai kamata ba. Shi ya sa Gunvor ta kafa doka: duk sabuwar kwalba sai an gwada ta a naman ɓeran da ba shi da ƙwayar, wanda ido bai fito masa ba. In ta haska a nan, sai kwandon shara.

Bara Elof, mai neman digirin dakta, ya tsallake dokar. Saura wata biyu ya kafe kundinsa a bango da ƙusa, yadda ake yi kafin ranar kare shi. Hotunansa kore shar, kowa na santi.

Lokacin shan kofi Gunvor ta ajiye wani hoto kore shar kusa da burodin kirfarsa.

"Kai, ya yi kyau!" in ji Elof. "Wane ido ne wannan?"

"Ba ido. Naman ɓerana marar ido ne. Kwalbarka na gwada."

Kofi ya sarƙe shi. Wahalar shekara huɗu ke shirin bin ruwa.

"Gunvor, don Allah. Wa zai sani?"

"Ni da ɓeran. Shi kam ba zai faɗa ba. Cinye burodinka, sarkin gaggawa, aiki na jiranmu."

Ta tono ƙasan firiza, ta fito da ragowar ruwan wani zomo da ta tace da hannunta tun Elof yana firamare. Bai cika cokali ba. Kwana goma sha biyu tana yanka, yana ɗigawa. Hasken ya dawo ɗan siriri, a gefe guda na idon. Amma na gaske ne, kuma ya ishi kundin.

Ranar kafe kundi, farfesan sashenmu na tsaye, Elof ya miƙa wa Gunvor guduma. Ta kai duka, ƙusa ta lanƙwashe.

"Ashe akwai abin da ba ki iya ba!"

"Kawo wata, mara kunya."

Aka kwashe da dariya. Ta biyun ta shige tsaf.

Ke ce, Gunvor, wuƙa mai yankan gaskiya. Sunanki kullum a ƙarshen takarda yake, cikin ƙananan haruffa, amma idan aka yarda da hoton sashenmu, hannunki aka yarda da shi. Ba ki taɓa tona asirin ɗalibi a gaban taro ba, ba ki kuma taɓa rufa wa ƙarya asiri ba.

Mun gode. Je ki tsinci lemar kwaɗin nan da kike son ci a daji, ki huta.

Ku da kuka rage: in abu ya yi muku kyau fiye da kima, ku gwada shi kafin ku yi tafi. Elof yanzu ɗalibai uku gare shi, kuma ba mai aiki da sabuwar kwalba sai ya gwada ta a ɓeran da ba shi da ido, ya nuna masa hoto baƙi ƙirin.