Kanwa a Cikin Zoɓo

Jiya gutsuren kanwa ya faɗa mini a zoɓo, jan ya rikiɗe ya yi duhu. Sai na tuna Baba, maƙwabcinmu a unguwar Makera ta Kaduna, mai rini a masaƙar Kakuri.

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ya tarar da ni ina kuka, ga jarrabawa ta matso, kemistiri ya ƙi shiga kaina. Da yatsunsa masu shuɗin rini ya jefa kanwa a kofin zoɓo, ya matsa lemon tsami, jan ya dawo.

"Kin gani, 'yata? Tsamin nan shi ne asid ɗinku, kanwa ke kashe masa kaifi."

Na ci jarrabawar, amma ya rasu kafin sakamako ya fito.

Jiya ma na matsa lemon, jan ya dawo. Baba dai bai dawo ba. Allah Ya haskaka kabarinsa.