Ƙullin Direba

Na Allah ne mu duka, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, sha bakwai ga watan Yuni, da la'asar, yayana ya cika a kan cinyata a gefen titi, a wani birnin da ba mu da kowa a cikinsa, nesa da gida.

Yaya, tun da na dawo ba tare da kai ba, magana ɗaya ke yawo a bakin masu zuwa gaisuwa: wai ɓarayi sun fizgi jakarka ka ƙi saki, taurin kai ne ya kashe ka. Maganar ta kai kunnen 'yarka. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta tsare ni a bakin ƙofa ta ce, "Baffa, me ke cikin jakar nan da ya fi mu?" Yau nake son ba ta amsa, don ba zan yarda ta rayu tana jin haushin ubanta ba.

Ƙuruciyarka duk a kan sitiyarin babbar mota ta ƙare. Da ka ajiye tuƙi sai ka ce duniyar da ka sani ta gilashin mota ce, yanzu kana son ka taka ta da ƙafa. Ka sayo mana manyan jakunkunan goyo, ka ja ni. Inna ta yi ta dariya, wai ta haifi 'yan dako biyu da ba mai biyan su. Mun yi watanni muna tafe, daga jirgin ƙasa zuwa bas, daga bas zuwa ƙafa. Da tafin ƙafata ya yi ƙuraje ya fashe, kai ka goya jakata a ƙirji, taka a baya, kana tsokanata da cewa haka auta yake ko ya yi furfura. A wata tasha wasu samari suka zagaye ni da sanduna. Ban ga lokacin da ka shigo tsakani ba, ƙarar sanda kawai na ji a kan damtsenka. Ka daɗe hannun nan ba ya ɗaguwa, kuma ka hana ni faɗa wa mutanen gida.

A irin waɗannan tashoshin ka fito da dabararka. Kafin mu runtsa, sai ka ɗaure jaka da igiya a wuyan hannunka, da ƙullin da direbobi ke ɗaure kaya a bayan mota, wanda in an ja shi ƙara tsukewa yake yi. Ya cece mu ba sau ɗaya ba. Har ya zame maka jiki, kana yin sa kana hira, ba ka ma duba.

Da muka iso birnin nan ka ce ya isa haka, a huta. Muka kama ɗaki mai baranda a hawa na biyu. Muka wanke kayanmu kaf muka shanya, muka yi barci har rana ta shigo ta taga. Ka je wurin mai aski ka dawo kana shafa kai kana tambayata ko matarka za ta gane ka. Kullum sai dai mu zauna a shagon mai shayi muna kallon mutane, kana ƙirƙiro wa kowa labarin inda za shi. Ban taɓa ganin ka cikin kwanciyar hankali irin ta kwanakin nan ba.

Ranar Larabar, manyan jakunkuna suna ɗaki. Ƙarama ka ɗauka, a cikinta gorar ruwa, ragowar burodi da tsohuwar hula. A kan matakala na ga kana ɗaura ta a hannu.

Na ce, "Yaya, hutu fa muka zo."

Ka ce, "Hannu ne ya saba, ƙyale shi."

Muna tafe a gefen titi babur ya zo ta bayanmu da mutum biyu. Na bayan ya fizgi jakar, igiya ta miƙe, ka faɗi da fuska. Ba su tsaya ba. Suka ja ka a kan kwalta, rigarka ta yage, fatar kafaɗarka ta saɓule, jini ya bi titi kamar an ja layi. Na bi ku da gudu takalmina ya fita. Ina jin muryarka kana cewa, "Ku ɗauka! Ku ɗauka mana!" da harshen da ba sa ji. Na bayan ya ɗauka riƙewa kake yi, ya dinga dukan fuskarka da dunduniya. Daga bisani ya zaro wuƙa ya sara, ya yanke igiyar tare da gefen tafin hannunka. A daidai kwana ne, sai ƙarfin gudun ya wurga ka, kanka ya bugu da dakalin titi. Wannan ƙarar ba ta bar kunnena ba har yau.

Na ɗora kanka a cinyata, jini na fita ta kunne. Mai shayin nan ya zo da tawul ya danne maka hannu yana kuka, shi da bai san sunanka ba. Na ga leɓɓanka suna motsi da kalmar shahada. Kafin motar asibiti ta iso ka tafi.

Allah Ya gafarta maka, Yaya, Ya sa wahalar da ka sha a titin nan ta zame maka kankarar zunubi, Ya haskaka makwancinka. Ina yi wa Inna da matarka da 'yan uwa duka ta'aziyya, Allah Ya ba mu haƙurin rashinka.

Ke kuma 'yata, ga amsarki. Babu komai a jakar nan da ya kai ƙurar takalminki. A asibiti sun kasa kwance ragowar igiyar, sai da almakashi suka cire ta, kuma na taho da ita. Duk ranar da kika ji za ki iya, zo ki duba. Akwai shatin haƙoran mahaifinki a kan ƙullin. Ana jan sa a ƙasa yana cizon ta, yana neman ya kuɓuta ya dawo muku. Allah Ya ji ƙan sa, Ya raya ki.