Ɗalha Wanzami da Maƙogwaron Jikarsa

A Birnin Gwari, in hamma ta kama ka kusa da Ɗalha wanzami, to ka yi maza ka rufe bakinka. In ba haka ba sai ka ga tsoho ya leƙo, ya kaɗa kai, ya ce belunka ya yi tsawo, ka zo gobe da safe. Shekara arba'in ya yi yana cire wa jarirai belu a Damari da ƙauyukan bakin daji, kafin 'yan bindiga su koro shi cikin gari daga shi sai zabirar askarsa da akuya ɗaya. A wajensa babu ciwon da ba belu ba. Tari belu ne, rama belu ce, har wani da matarsa ta yi yaji ya kai masa kuka, Ɗalha ya ce buɗe bakin mu gani.

Sai jarrabawa ta same shi a cikin gidansa. Zulaiha, 'yar ɗansa Shafi'u, mai shekara huɗu, wadda yake tsokana da amarya, ta fara zazzaɓi yau ya tafi gobe ya dawo. Hanci ya toshe, baki kullum a buɗe, in ta yi barcin rana munsharinta ya fi na kakan, wani lokaci numfashin ya tsaya cak sai an jijjiga ta. Belunta kuwa shi da kansa ya cire tun tana kwana uku, don haka ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Da ya leƙa sai ya ga nama biyu a gefen maƙogwaro sun kumbura, sun kusa haɗewa. Nan take ya hau wasa aska.

Uwar yarinyar, Rabi'atu, ba ta iya musu da suruki ba, amma ta iya saɓa goyo. Ta nufi asibiti, Ɗalha ya bi ta a baya, wai don ya ji irin ƙaryar da za a shara mata.

Nas ɗin, wata Deborah, ta haska tocila ta duba. Ta ce akwai ƙwayoyin cuta, dangin masu fito wa mutum da ƙuraje a leɓe, da ke ɓuya a wannan naman da wani a bayan hanci, su yi lamo shekara da shekaru. Ta yawu ake ɗaukarsu, kusan kowa yana da su, kuma ba lallai su ne suka kumbura na Zulaiha ba. Ɗalha ya ce shi bai taɓa jin cutar da ke zaman haya a wuyan mutum ba. Ta ce to yau ya ji. Ta rubuta takardar zuwa Kaduna wurin likitan maƙogwaro, sannan ta dubi zabirar da ke kafaɗarsa.

"Baba, wannan ba belu ba ne. Akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In aska ta taɓa shi a gida, kafin ku iso nan jininta ya ƙare."

Ya ce tun kafin a haife ta yake wannan aiki. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba ita aka tambaye shi ba.

Hanyar Kaduna ba wadda ake ɗaukar yaro a bi da garaje ba ce, shi ya sa Shafi'u ya ce a jira a ga yadda ta kwana. Ɗalha kuwa ya ga jiran banza ne alhali ga gwani a gida. Rana ta uku Rabi'atu ta tafi niƙa, Shafi'u yana gona, tsoho ya tura ƙofar zaure ya baje kayansa a tabarma.

Aikin nan mutum biyu ke yin sa. Ɗaya ya danne yaro tsakanin cinyoyinsa ya matse kumatu, yaro na tsala ihu, wanzami ya gama kafin a ƙifta ido. Ihun ma taimako ne, shi ke buɗe maƙogwaro. Duk shekarun nan baki kawai Ɗalha yake gani, bai taɓa samun sararin kallon fuskar mai bakin ba. Yau babu mai danne masa kowa.

"Amarya, zo nan."

Ta zo ta haye cinyarsa, ta ɗaga kai, ta wangale baki da kanta, ta runtse ido, hannunta ɗaya riƙe da gemunsa. Ba kuka, ba shure-shure. Numfashinta kawai yake ji yana fita da ƙyar, da zafi, a kan yatsunsa.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, har gumi ya jiƙa masa hula. Ya kai aska bakin haƙoranta, hannu ya ƙi gaba. Ya sake gwadawa, hannu ya ƙi. Da muƙamuƙinta ya gaji sai ta buɗe ido ɗaya.

"Kaka, ka gama?"

"Na gama."

Rabi'atu ta dawo da gari a ka, ta tarar da shi tsaye a zaure da takalmi a ƙafa, yarinya a kafaɗa. Ta ga askar tsirara a kan tabarma, ta yi maza ta hau neman jini a bakin 'yarta, ba ta gani ba. Shi kuwa bai iya haɗa ido da ita ba.

"Ɗauko takardar nan," ya ce. "In Shafi'u na tsoron hanya, ni zan kai ta."