Yashin da Na Sayar a Kebbe

Ni ɗan ma'auni ne. Mahaifina ya yi shekaru yana auna gero da dawa a kasuwar Tambuwal, har Allah ya karɓi ransa ba a taɓa jin wanda ya ce ya tauye masa ko ƙwaya ba. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya ce gado na yi, ko talauci ne ya tura ni. Na yi karatun allo, na gama sakandare, na gaji rumfa cike da buhuna. Abin da na aikata, da idona biyu na aikata shi. Kuma ba tausayin kowa nake nema ba. Ku matasa nake so ku saurara, masu taɓe baki kuwa su ci gaba da abin da suka iya.

Da kwanon awo abin ya fara. Na kai wa maƙeri ya bubbuge gindinsa ya ɗan taso ciki, sai na zama mai kwano biyu: mai zurfi na saye wurin manoma, mai tudu na sayar wa mutanen gari. Ranar farko wata tsohuwa na auna wa da mai tudun. Ta ɗaure geronta ta ce, "Allah shi yi albarka, ɗan Malam," ta tafi. Ba abin da ya faru. Da a ranar nan an kama ni an kwaɗa mini mari a tsakiyar kasuwa, da an yi mini gata.

Daga nan zuciyata ta fara bushewa. Na riƙa ɓoye hatsi sai tsakiyar damina, lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa, sannan in buɗe sito. Zakka kuwa na mai da ita zancen malamai. Ranar Salla, daga filin idi rumfa nake wucewa, ba na shiga gidan kowa, ba na son kowa ya shigo nawa. Matata ta gaji ta koma gidansu, ban bi sawunta ba. Wata shekara cikin azumi yayata Hajo ta zo daga Dogon Daji, mijinta na kwance ba lafiya, ta roƙe ni gero ko na kunu ne. Na ce mata, "Yaya Hajo, nan rumfa ce, ba gidan sadaka ba." Ta gyara mayafinta ta tafi.

Sai na gano takin zamani. In na sayi buhu ɗaya na gaske, sai in haɗa shi da yashi mai laushi da gishiri da toka, ya zama uku, in ɗinke baki tsaf. A Tambuwal ba na sayarwa, an san ni. Sai in ɗora wa babur in nufi ƙauyukan Kebbe, inda hanya ta lalace, masu sa ido ba su cika zuwa ba.

A can na haɗu da Malam Garba, wani dattijo manomi da ya san mahaifina. Da ya ji ko ni ɗan wane ne, ko buɗe buhun bai yi ba. Ya ce, "Ɗan Malam ba shi cuta ta." Yana da shanun huɗa biyu, ya sayar da guda ya sayi takina, ya kuma jawo mini maƙwabtansa. Har fura ya sa aka dama mini. Na sha, na goge baki, na hau babur.

Damina ta yi kyau a shekarar, amma gonakinsu suka yi jajawur, gero ya tsaya iya gwiwa ya ƙi fidda kai. Matar Malam Garba ce ta tona ni. Ta ɗebi ragowar takin ta zuba a ƙwaryar ruwa, yashi ya kwanta a ƙasa, toka ta taso sama. Aka kai wa malamin gona, shi kuma ya kai wa hukuma. Ranar kasuwa aka zo aka kama ni a rumfar ubana, jama'a na kallo. A kotu ma ban yi laushi ba, cewa na yi ai ban tilasta wa kowa saye ba. Alƙali ya ba ni shekara uku.

Shekarar farko a gidan yari ban yi nadama ba, haushin an kama ni kawai nake ji. A ɗakinmu akwai wani tsoho, gawurtaccen ɗan damfara, kullum yana ba mu labarin garuruwan da ya ci da manyan da ya yi wa wayo. Ni ne na fi kowa yi masa dariya, don a idona gwani ne. Ana saura kwana biyu Babbar Salla ya rasu da hantsi. Aka aika garinsu, aka jira har la'asar, ba wanda ya zo. Saƙon da aka dawo da shi kawai shi ne, "Ku rufe shi can." Mu huɗu muka yi masa wanka, da gandirobobi biyu muka yi masa salla. Ina riƙe da ƙafafunsa za mu sa shi a rami na tambayi kaina, in ni ne, wa zai zo? Na duba Tambuwal gida gida a zuciyata, ban samu mutum ɗaya ba.

Ranar Salla aka ce ina da baƙuwa. Yaya Hajo ce, da kwanon tuwo da soyayyen nama. Mijinta ya rasu tun bara, ban ma sani ba. Na kasa ɗaga ido. Ta ce, "Ci. Ba don halinka niz zo ba, don nonon da muka sha." Na ci ina kuka kamar yaro, ita kuwa tana kore mini ƙuda.

Da aka sake ni, masu ba da shawara suka yi yawa. Wani ya ce in tafi Kano, wani ya ce kudu, inda ba wanda ya san fuskata. Na ce ba inda za ni. A nan na ɓata, a nan zan gyara. Na sauka a Tambuwal da rana tsaka, na ratsa kasuwa a ƙafa. Wasu suka riƙa kira, "Mai Yashi ya dawo!" Na tsaya na amsa, "Na'am, ni ne. Akwai magana?" Sai kowa ya kama gabansa.

Da ruwan farko ya sauka na tafi Kebbe. Na tarar da Malam Garba a gona yana huɗa da hannu, don ɗayan san ma ya tafi a shekarar da suka rasa abinci. Ya dube ni ya ce, "Mi yak kawo ka?"

Na ce, "Baba, gafara nika nema."

"Ban yafe ba. Iyalina sun ci tafasa da garin rogo damina guda saboda kai."

Na ce, "Gaskiyarka, Baba, ba ni tilasta ma. Amma ba ni komawa. Ina wata garma?"

Bai ba ni ba. Na je na aro, na kama kunya daga ɗaya gefen gonar. Haka na yi damina guda a ƙauyen, yau gonarsa, gobe ta maƙwabtan da na cuta. Wasu suka kore ni, washegari na koma. Hannuna da bai san komai ba sai kwanon awo ya fashe ya yi kanta. Malam Garba bai taɓa ce mini sannu ba.

Sai ranar layya. Ina zaune a ƙofar masallaci ni kaɗai, Malam Garba ya fito da ɗan akuyarsa da wuƙa, ya waiwaya ya ce, "Kai, zaman mi kaka yi nan? Taho ka riƙe min ƙafa." Na riƙe. Da aka gama fiɗa ya miƙo mini hanta da hannunsa. Har yau bai furta cewa ya yafe ba, ni ma ban sake tambaya ba.

Yanzu dako nake yi a kasuwa, buhun wasu nake ɗauka, da yamma in kai wa Yaya Hajo cefane. Akwai waɗanda har gobe in na gitta suke dafe aljihu, suna cewa hali zanen dutse. Su yi ta faɗa. Ba su ke da ƙofar tuba ba, balle su rufe mini ita.

Ku kuwa matasa, kada labarina ya ruɗe ku ku ce bari mu ci duniya, in ya so mu tuba daga baya. Tsohon nan na gidan yari ma haka yake ce mana, in ya fita zai tuba. Ku ji tsoron cutar farko, wadda ba wanda ya gani. Ku buɗe hannu ga danginku tun suna zuwa ƙofarku. Wanda kuma ya riga ya faɗa kamar ni, kada ya gudu, kada ya jira a yarda da shi. Ya tashi ya je wurin wanda ya cuta, ya tsaya a gabansa. In an kore shi, ya koma gobe.