Yadda Baduku Ya Zama Gasasshe

Jikokina sun daina kirana kallo, kuma sun huta. Da zarar jarumin nan mai tashi sama ya bayyana da faffaɗan ƙirji da fararen haƙora, sai in ce musu, "Ku jira, yanzu za a kawo mugun, kuma fuskarsa a lalace take." Ban taɓa kuskure ba. Fina-finan da, waɗanda har kana hango igiyar da aka rataye jarumin da ita, da na yanzu da kwamfuta ke zuba wuta da guguwa, duk kanwar ja ce: kyakkyawa shi ne mai gaskiya, mai tabo shi ne ɗan wuta. Na tsani wannan ƙarya, kuma na san ranar da na fara tsanarta.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, akwai wata rumfar kwano a unguwarmu ta Hausari inda ake nuna bidiyo bayan la'asar. Turancin ba mai ji, saboda haka muka ƙirƙiro namu abin yi: duk wanda ya fito a talabijin sai an nemo masa mai kama a unguwa. Ƙaton dogari ya zama mahaucinmu, tsohon boka ya zama wani malamin makaranta daga unguwar Wulari. A yi dariya, sunan ya kwana biyu ya mutu.

A layinmu akwai wani baduku Bakano mai ɗinkin takalma. Rabin fuskarsa a ƙone yake, tun ranar da ya faɗa cikin gobara ya fito da wata tsohuwa maƙwabciyarsa. Kowa ya san wannan. Yana neman Goggo, ƙanwar babana, bazawara mai ɗinkin hula. Ta ga fuskar da idonta, ta ce ta yarda. Har ya aika an karɓo masa tsohon takalminta, ya auna, zai ɗinka mata na biki.

Shi ba ma'abocin kallo ba ne. Abokai ne suka ja shi ranar, wai ango ya sha iska. Ina zaune a bencin bayansa aka nuno sarkin wata duniya, mai satar yara, fuska a narke kamar robar da ta faɗa murhu. Wani mai gyaran keke ya miƙe ya ce, "Kai jama'a, wushe, sannu da baƙo! Baduku ya shiga talabijin!" Wani daga baya ya ƙara, "Gasasshe!"

Rumfar ta kece. Shi ma ya yi dariya da ɓangaren bakin da ke iya dariya. Bai tashi ba. Ya zauna har ƙarshe, yana kallo jarumi ya ɗaga mai kama da shi ya cilla cikin wuta, mutane na tafi suna waiwayowa su ga yadda ya ji.

Wannan sunan bai mutu ba, don kullum yana nan a fuskar mai shi. Yara suka riƙa leƙa shagonsa suna ihu su ruga. Mata a bakin famfo suka koma kiran Goggo amaryar Gasasshe. Wata har ta dafa ta tana cewa, "Ke dai Allah ya ba ki zuciya, ni ko a mafarki na gan shi sai na yi ɓari."

Ina nan ranar da ta durƙusa gaban babana ta ce, "Yaya, fuskar na iya da ita. Sunan ne ba zan iya ba." Baba ya yi faɗa, ya tuna mata gobarar, ta ce ai ba ita aka ciro ba. Aka mayar masa da kayansa.

Duk da haka ya ƙarasa takalman, jajaye masu ado, ya aiko. Na ɗauka za ta ji kunya ta mayar. Ina! Da damina ta auri wani direba mai kyan fuska daga Umarari, kuma takalman nan ta saka a ranar ɗaurin aure. Motar amarya ta bi ta ƙofar shagon badukun, yana zaune yana huda fata. Mata suka yi ta yaba takalman, suna tambayar wa ya ɗinka.

Goggo ta ce, "Gasasshe."