Shekara Talatin Babu Habu, Har Yau Babu Labarin Ikenna

Shekara talatin ke nan da rasuwar ƙanena, Malam Habu, kuma har yau in na ji ɗalibai sun taso suna hayaniya a titin Mokola, zama gagara ta yake yi. Ni ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin kunyar hakan ba. Jikata ce ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya.

A nan Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka haife mu. Habu ne kaɗai a gidanmu ya yi boko, har ya zama malami a wata sakandare da ke kusa da mu. Haƙƙin ɗan Adam shi ne waƙarsa, amma bai yarda a bar shi a jikin allo ba. Ranar Asabar yakan kwashi ɗalibansa zuwa wajen masu dakon goro. Kowa ya zauna da mutum guda, ya san sunansa, ya ji damuwarsa, in mai ciwo ne ya raka shi asibiti. Nakan tsokane shi in ce, “An ba ka ’ya’yan mutane ka koya musu karatu, ka mai da su ’yan aike.” Sai ya yi dariya ya ce, “Yaya, karatun ke nan.”

Da yaƙin basasa ya ɓarke, sojoji suka kafa shinge, suna sauke mutane daga mota suna tambayar ƙabila. Yawancin Ibo sun riga sun gudu gabas. A ajin Habu saura ɗaya, Ikenna. Ubansa ya tafi kai uwar da ƙannensa gida, hanya ta rufe a bayansa, mai ɗakin da suke haya kuma ya watso kayansa waje.

Wata rana bayan azahar aka ce Habu na sallama. Maigidana Alhaji, mai saukar fataken shanu, ya yi tafiya Arewa. Na tsaya a bayan asabarin da ya raba zaure da cikin gida, na hango shi da ɗalibai cike da zauren.

“Yaya, wuri nake nema wa yaron nan.”

“Ga zaure nan.”

“Zaure kowa na shiga. Ciki nake nufi.”

“Habu, kanka ɗaya kuwa? Wannan ƙaton da gashin baki ya fara fito masa? Gidan kulle ne fa! Kai kanka sai an yi maka izini.”

Sai wata ɗaliba Bayarabiya, Risika, ta durƙusa, ta ce da guntuwar Hausarta, “Iya, ba Malam ya kawo mu ba, mu muka kawo shi. Mun ce in abin da yake koya mana na jarrabawa ne kawai, ya faɗa mana mu sani.” Habu ya sunkuyar da kai.

Na san abin da Sabo za ta ce. Amma na dubi yaron, leɓensa duk ya bushe, ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu tun ba a ce masa komai ba. Na ɗaga asabarin.

Ba a daɗe ba wani ya kai tsegumi. Saje ya zo da yaransa, Hausarsa tas, ɗan Arewa ne. Daga bayan asabari na ce masa, “Gidan aure ne, ba shiga, mai gidan kuma ba ya nan. In a garinku ana faɗa wa matan mutane, bismilla.” Ina kallon takalmansa ta ƙasa. Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya juya. Al’adar da na karya da hannuna, ita ce ta tare shi.

Mun sha magana. Alhaji ya dawo ya daɗe ba ya cin abincina, wasu fatake suka sauya masauki, shugaban makaranta ya hana fitar Asabar. Amma ɗaliban nan ba su fasa ba. Kullum ɗaya zai zo zaure ya maimaita darasin ranar da ƙarfi, Ikenna na saurare ta ciki.

Yaƙi bai ƙare ba Ikenna ya ji ƙishin-ƙishin an ga uwarsa. Na hana, na yi faɗa, na yi kuka. Ya shiga motar goro ya tafi. Shi ke nan. Habu ya tsufa yana zuwa tasha yana tambayar direbobi. Ko a ciwon ajalinsa sai da ya ce mini, “Yaya, ko ya isa?”

Yanzu jikokina haddace haƙƙoƙin nan suke yi kamar karatun allo, su ci jarrabawa. Rannan kuwa aka kama wani ɗan talla ana duka, samari suka kewaye shi, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Me Habu zai ce? Ina jin ba zai zage su ba. Zai tambaye su sunan wanda ake dukan, kuma babu mai amsa.

Duk da haka ban ce aikinsa ya bi shi kabari ba. Da wani rikici ya taso aka juyo kan namu, Risika, lokacin ta zama tsohuwa mai rumfar doya a kasuwar Bodija, ta tura ’yan dakonmu cikin sitonta, ta zauna a bakin ƙofa ta ƙi tashi. Da na aika mata godiya cewa ta yi, “A gaya wa Iya, aikin Asabar ne.”

Allah Ya jiƙan Habu, Ya haskaka makwancinsa. Ni dai saura tambayarsa da ya bar mini. Ikenna, in kana raye, ko ’ya’yanka, in wani ya karanta muku wannan, ba na neman komai. Gidan yana nan inda yake a Sabo. A aiko a ce mini ka isa.